Bappa Manu da Makesun Gwallameji

Ni dai kun san ni, duk faɗin Bauchi ba a haifi mai yaudarata ba. Ɗan damfara in ya hango ni, titi yake sakewa. Sai fa marigayi Bappa Manu, ƙanen mahaifina.

Wa zai manta tocilarsa? Ya naɗe bakinta da baƙin ƙyalle, ya bar 'yar ƙofa kamar idon allura. Batir kuwa ba ya mutuwa a hannunsa, a rana yake shanya shi kamar kuɓewa.

Da ya yi ritaya daga koyarwa, sai ya tare a fadamar bayan gidansa a Gwallameji, wajen makesu, ƙwaron nan mai ƙyalla wuta da damina. Namiji yana tashi yana ƙyallawa, mace na cikin ciyawa tana amsawa. Ya ce a Amurka akwai wata muguwar makesu mai kwaikwayon amsar matan wani jinsi, namiji ya sauko da zumuɗi, ta cinye shi. Bappa ya rantse sai ya kwaikwayi amsar nan namiji ya sauka a tafinsa, kafin masu gini su cinye fadamar.

Matarsa, Goggo Dije, ta ce, "Malam, da furfurarka kake zama budurwar ƙwari?"

Ya ce, "Dije, ilimi ne."

"To ilimin ya zo ya ci tuwo, ya huce."

Wani maƙwabci ya kafa fitilar sola mai haske kamar na filin ƙwallo, makesu suka daina ganin juna. Bappa ya yi sallama ya ce, "Alhaji, ka hana bayin Allah aure." Kullum sai ya koma, har Alhaji ya gaji ya juyar da ita.

Wata magariba na je, ba ya nan. Na ce aikin da ya gagari tsoho, bari gwani ya gama shi. Na rufe fitilar wayata da yatsa, na ƙyalla. Wallahi sai aka amsa daga ciyawa! Na sake, aka sake. Na tattare babbar riga ina sanɗa, ina "zo nan, 'yar gari". Tsulum! Har gwiwa cikin taɓo. Sai ga Bappa ya miƙe da tocila.

"Sale, da a Amurka ne, da yanzu an yi kalaci da kai."

Bana an kafa harsashin gini a fadamar, Bappa bai gani ba. Allah ya haskaka kabarinsa, ya sa ya huta.

Ranar sadakar bakwai ina ba da labarin nan, Goggo ta goge hawaye ta ce, "Ai bai yi asara ba. Ya kama namiji guda, mai ƙiba ma."