Dattijo da Jif Marar Inji

Ina zaune a zauren wani kamfanin motoci, ina jiran a gyara mini birki, idona na kan wani dattijo siriri mai fensir a bayan kunne. Fuskarsa a murtuke take, kai ka ce maganin zazzaɓi yake taunawa. Yana tsaye gaban wata 'yar ƙaramar jif ruwan toka, samfurin da aka ƙera guda ɗaya tak, aka nuna wa jama'a, sannan kamfani ya fasa yin irinta.

Wata mata ta kai hannu za ta shafa ƙofar.

"Baiwar Allah, da ido ake kallo!" ya daka mata tsawa.

Ina kyautata zaton shi ya zana motar. Mai gadi ba ya tsanar mutane haka a kan ƙarfe, sai wanda ya haife shi.

Sai ga manaja da ƙarti huɗu. Ashe yau za a fitar da jif ɗin, masu sayen tsohon ƙarfe na jira a waje.

"Baba, a yi haƙuri a matsa," in ji manajan. "Motar da ko inji babu?"

"Kai mai injin, ina ka je?"

Dattijon ya shige cikin motar, ya ɗaura bel, ya damƙi sitiyari da hannu biyu. Ƙartin suna turawa, yana hararar kowa ta taga, har da ni da ban ce uffan ba.

"A hankali, 'yan banza!" in ji shi. "Sabuwar mota ce."