Tumakin Lawali Sun Koma Kan Daɓen Shanu

Yau shekara bakwai ke nan da muka kai Malam Lawali, mutumin Maradi, makwancinsa a nan Riyad. Kowace shekara addu'a nake yi masa in yi shiru, don ni ba ma'abocin alƙalami ba ne, walda nake yi a wani ɗan shago a unguwar masu sana'a. Bana ne shirun ya gagare ni, saboda abin da idona ya gani watan jiya a garken da ya ƙarar da ƙarfinsa a ciki.

A unguwar Batha muka saba da shi, wurin wani mai tuwo da muke haɗuwa bayan sallar Juma'a. Ya girme ni nesa ba kusa ba, don haka Yaya nake ce masa. Kiwo yake yi wa wani dattijon Balarabe, Abu Majid, a gonarsa da ke kudu da gari. Lawali ba mai daɗin hira ba ne. In ana gardamar siyasa ko ƙwallo gyangyaɗi yake yi. Amma a ambaci tunkiya, sai ka ga ya gyara zama.

Wata shekara Abu Majid ya gina sabuwar rumfa, da niyyar ta riƙa ɗaukar maruƙa mafi yawan shekara, in layya ta matso a fitar da su a zuba tumaki. Aka kawo masa daɓen kankare mai tsaga-tsaga, irin wanda kashi da fitsari ke zurarewa ta tsagar su faɗa rami a ƙasa. Mai sayarwa ya rantse masa cewa daɓen ya dace da kowace dabba. Lawali ya durƙusa ya zura yatsu biyu a tsagar, suka shige har da saura. Ya ce wa ubangidan nasa inda yatsu biyu suka shiga, kofaton tunkiya ma zai shiga, kuma ba zai fito yadda ya shiga ba. Abu Majid ya ce to a sauya da mai matsattsiyar tsaga. Lawali ya ce wannan kuma kashin shanu ba zai wuce ba, zai daskare ya zama santsi, bijimi ya zame ya tsage. Taura biyu ba ta taunuwa, in ji shi. Dattijon ya gaji, ya ce injiniya ya fi makiyayi sani, a shimfiɗa na shanun kawai.

Wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba. A makon farko da aka zuba tumaki, Lawali da hannunsa ya yanka tumaki uku da suka karye. Ɗaya tana da ciki. Ranar Juma'ar nan bai taɓa tuwonsa ba. Ya dube ni ya ce, "Sabi'u, kai da ka san ƙarfe, ba ka iya yi min abin da za a shimfiɗa bisa daɓen ga, in shanu za su dawo a ɗauke?"

Haka muka fara. Na yi masa fayafayan ragar ƙarfe, kowane cikin firam ɗinsa, girman da mutum biyu za su iya ɗagawa. Ramukan ragar sun isa kashin tumaki ya wuce, amma ba su isa kofato ya shiga ba. A ganina na yi aiki. Da na kai na farko sai ya cire takalmi ya hau kai da tafin ƙafarsa, ya yi tafiya a hankali daga wannan kusurwa zuwa waccan. Wani ɗan tsinin walda ya yanke shi a dunduniya. Bai yi faɗa ba. Ya nuna min jinin ya ce in mayar in goge. Duk faifan da na kai sai ya taka shi haka, kuma fiye da rabi ya dawo min da su. Akwai ranar da na fusata na ce, "Yaya, tumaki ne fa, ba amare ba." Ya ce, "Amarya tana da baki, Sabi'u." Daga nan ban ƙara ba.

Bai tsaya nan ba. Ya bar faifai ɗaya a rana da azahar, ya kamo hannun Abu Majid ya ɗora a kai. Dattijon ya janye hannun da sauri saboda zafin ƙarfen, washegari aka ƙara wa rumfar inuwa ta gefen yamma. In faɗi gaskiya, Abu Majid mutum ne da in ya ga kuskurensa ba ya jin kunyar juyawa. Shekarun da suka biyo baya ba a sake yanka tunkiya saboda karaya a wannan garke ba. Da ciwon ƙirji ya kwantar da Lawali, ɗan gajeren kwanciya, dattijon nan yana cikin sahun farko na sallar gawarsa.

Yanzu Abu Majid ya tsufa ya daina fita, gona ta koma hannun ɗansa Majid. Ana cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. To ni na ga wanda ko rarrafen bai yi ba. Watan jiya ya kira ni, wai akwai ɗan aiki. Tun daga bakin ƙofa zarni ya tare ni. Ramin ƙasan daɓen ya cika har ya tumbatsa, ba wanda ya kwashe. Ƙudaje kamar an watsa gero. Tumaki kuwa an cusa su sun ninka abin da rumfar za ta ɗauka, kuma suna tsaye ne a kan daɓen shanu tsirara, ba raga ko ɗaya. Na ga rago yana cin abinci a durƙushe don ƙafafunsa na gaba sun ƙi ɗaukarsa. Na ga wata tunkiya da kofato ya ɓare, tsutsa na motsi a ciki. Makiyayin da ke wurin yanzu, Isuhu, wani magidanci daga Damagaram, ya ce min ɗauko fayafayan da shimfiɗa su na cin kwana biyu, Majid kuma ya ce ba shi da kwana biyun ɓatawa. Wadda ta karye, a yanka a kai wa masu abinci. Isuhu ya yi magana sau ɗaya aka tuna masa a hannun wa takardarsa ta izinin zama take.

Sai Majid ya ja ni bayan rumfa. Ga fayafayan Lawali a jibge, tsatsa ta fara cin su. Aikin da ya kira ni in yi shi ne in yayyanka su in yi masa ɗan shinge mai kyau, ya shimfiɗa koriyar ciyawar roba a ciki, inda za a riƙa tsayar da rago ɗaya ɗaya ana ɗaukarsa bidiyo don masu saye ta waya. Ya nuna min irin bidiyon. An wanke ragon, an taje shi, ana ɗaukar sa daga ƙirji zuwa sama. Ƙafa ba ta fitowa. Wannan ragon kuma shi ne wani bawan Allah zai saya ya yi ibada da shi, alhali kowane ɗalibi ya san hukuncin gurguwar dabba a layya.

Na sha tambayar kaina me Yaya Lawali zai ce da ya ga zamanin nan, da ake kashe wa hoton dabba ƙoƙarin da ba a kashe wa dabbar. Ina jin ba zai yi dogon zance ba. Zai shiga ne ya fara jawo fayafayan ɗaya bayan ɗaya, ko da korarsa za a yi. Ni kuwa me na yi? Na duƙa kan injina na ɗan taɓa nan na taɓa can, na ce wa Majid ya lalace, sai wani lokaci. Na haɗa kayana na fita sum-sum kamar ɓarawo. A hanya na tsaya na wanke takalmina da ruwan gora, amma ƙyamar da ta fi damuna ba ta takalmi ba ce. Mutumin da ya ci tuwo da Lawali shekara da shekaru ne ya rasa bakin cewa wannan zalunci ne, ya fake da inji. Bayan kwana uku Isuhu ya aiko min da saƙon murya cewa an kawo wani mai walda, kafin azahar ya gama yayyanka fayafayan.

Yau da safe, da na tuna ranar da muka binne Lawali ce ta zagayo, na kira Majid. Na ce masa injina lafiyarsa ƙalau, ƙin yi na yi, don waɗannan fayafayan, Lawali ne ya taka su da ƙafarsa saboda kada tumakin gidanku su karye. Sai ya ce, "Wane ne Lawali?"

To, abin da duniya ta riƙe na Lawali ke nan. Kabarinsa ba suna, kamar sauran kaburburan garin nan, ni kaina ba zan iya nuna shi ba. Ƙarfen da muka wahala a kai ya zama shingen ɗaukar hoto. Gidan da ya yi wa bauta bai san an yi shi ba. In na auna, abin da ya rage ƙalilan ne: mutum biyu, ni da Isuhu wanda bai ma taɓa ganinsa ba, da muka kasa kallon wannan garke mu ce ba komai. Ba gado ne mai daɗin riƙewa ba, yana hana ni cin nama a wuraren da na saba ci. Amma ban so a raba ni da shi.

Na ba Majid amsar tambayarsa, tun daga tumaki ukun farko har jinin dunduniya. Ban san a ina ya kashe wayar ba. Ni dai sai da na kai ƙarshe na yi shiru. Allah ya jiƙan Yaya Lawali, ya sa tausayin da ya yi wa marasa baki ya tarar da shi a can.