Ranar da Faluka Ta Tafi Ta Bar Mai Ita

Jiya warin man dizal ya buge ni a tasha, sai na tuna da Baba, dattijon nan Bahaushen Sudan mai faluka, jirgin yawo a kogin Nilu. Ba ya tayar da inji sai ya durƙusa ya shinshina shi, ya duba mai, ya tabbatar giya tana firi. "Inji ba ya son gaggawa, 'ya'yana," in ji shi.

Wata Juma'a muka zo daga unguwar Madinat Nasr muka hau falukarsa, mu ɗalibai, babu wanda ya iya iyo a cikinmu. Ya gama shinshine-shinshinensa, injin ya kama, ya sauka ya kwance igiya. Yana tsaye yana yi mana wa'azin natsuwa, igiyar ta sulluɓe daga hannunsa, ruwa ya ja mu. Muka shiga salati, shi kuwa yana bin gaɓa da gudu, ya tattare jallabiya: "Kada wanda ya taɓa komai!"

Wani masunci ya kawo shi a kwalekwale. Ya hau yana haki, ya fara warware ƙyallen da iska ke tura falukar da shi, ya harare mu. "Tun ina saurayi ba ta taɓa fita ba ni ba. Khalas, shi ke nan, ku kuka zuga ta."

Allah Ya jiƙan Baba, Ya sanyaya makwancinsa.