Ina Tasha, Jirgi Nake Jira

Wata safiyar Juma'a ce cikin damina, shekarar da nake aji biyu a firamare. Na gama zuba wa akuyoyin kakata Iya ciyawa, na sa rigar makaranta, ina tsugune ina hura koko, sai Baffa Sale ya faɗo gida da waya a sama kamar wanda ya ɗauko garwashi. A lokacin shi kaɗai ne mai wayar hannu a danginmu na Wudil, kuma sabis ba ya kamawa sai a gindin darbejiyar tsakar gida. Nan muka taru. Babana ne ya kira daga Japan.

Baba ya tafi tun ban shiga makaranta ba, wai karatun noman shinkafa. Ni dai na kasa gane abin da zai sa mutum ya bar fadamarmu ya tafi neman shinkafa a wata duniya. Ni ne ɗan fari, kuma ni kaɗai ne a lokacin, saboda haka kunyar ɗan fari duk a kaina ta ƙare. Umma ba ta kama sunana, ba ta jana a jiki a gaban mutane, a ɗakin kakata Iya nake ci nake kwana. Baba ma idan ya kira, sai ya gaida Iya, ya tambayi ruwa, ya tambayi gero da dawa, ya bi maƙwabta gida-gida har limamin unguwa, can a ƙarshe ya ce, "Yaya yara?" Yaran nan kuwa ni ne. Ba a taɓa miƙo mini wayar ba, kuma abin yana cina. Abin da nake so in sani ɗaya ne: mutumin nan yana tuna ni kuwa, kuma zai dawo?

Ran nan Baffa ya danna wani wuri, murya ta fito fili. A bayan muryar Baba muna jin wata ƙararrawa mai daɗin amo, da wata mace tana ta zuba magana da yaren da ba mu sani ba. Iya ta ce, "Wai kana ina ne haka, hayaniya kamar kasuwar shanu?" Baba ya yi dariya ya ce, "Ina tasha, Iya. Jirgi nake jira in koma gida."

Manya sun san gidan da yake nufi, ɗan ɗakinsa na can. Ni kuwa gida ɗaya na sani, tasha ɗaya na sani, jirgi ma ɗaya na sani. Na ajiye kokon ban shanye ba, na rataya jakar buhu da nake zuba littattafai, na fita kamar zan tafi makaranta, na miƙe tasha. Ban gaya wa kowa ba, don ina so in riga kowa ganinsa.

Ranar kasuwa ce, tasha ta cika ta batse. 'Yan kamasho suna kiran Kano da Gaya da Dutse, manyan motoci suna sauke shanu, masu tallan gyaɗa da dafaffiyar masara suna kutsawa tsakanin ƙafafun mutane. Na tsaya kusa da teburin mai shayi ina leƙa fuskar duk wanda ya sauko. Matsalar ita ce fuskar Baba ta fara ɓace mini, sai dai hularsa da tsayinsa, saboda haka duk dogo mai hula sai gabana ya faɗi. Da hantsi ya dubi ludayi sai na yi wa kaina faɗa: kai ma dai da wauta, yaushe jirgi ya taɓa shigowa tashar mota? Ai jirgi a ruwa yake.

Na gangara bakin kogi, ƙarƙashin gada, inda masunta ke ɗaure jiragensu. Ruwa ya kawo, ja wur, yana tafe da karare da rassan itace. Na sami wani tsohon jirgi da aka kifa a kan yashi na zauna. Duk jirgin da ya taso daga tsallake sai in miƙe tsaye, in gyara wuyan rigata, in ya matso sai in ga kifi ne da taru da mutumin da ban sani ba. Aka kira sallar Juma'a, bakin ruwa ya watse, ya rage daga ni sai balbelu. Yayyafi ya sauko, ban motsa ba, ina tsoron in fake ya zo bai gan ni ba. Ban taɓa jin kaɗaici irin na ranar ba, kuma yunwa ma ban ji ta ba sai daga baya.

Bayan an sauko daga masallaci wani dattijo masunci ya zo duba tarunsa. Ya dube ni ya ce, "Kai ɗan waye, me kake yi a nan cikin ruwa?" Na ce babana nake jira, ya ce jirgi zai hau. Ya ce daga ina? Na ce Japan. Har yau ina yi wa mutumin nan addu'a, domin bai yi dariya ba. Ya tsuguna daidai tsayina ya ce, "Yaro, jiragenmu iyakarsu tsallake. Kogin nan bai kai can ba. Tashi in kai ka gida."

Muka tarar da gida a hargitse. Baffa ya kai har Utai a babur yana cigiya. Iya tana share hawaye tana zagina, "Maigidan banza, ka tafi tarbar wani ka bar matarka da akuyoyi." Umma kuwa ta shiga madafa. Ta zubo tuwo ta ajiye a gabana da hannunta, abin da ba ta saba ba, ta ɗora tafinta a jiƙaƙƙen kaina, sannan ta yi maza ta ɗauke kamar wani datti ta cire.

Juma'ar da ta zagayo Baffa ya ba Baba labari. Muna jin ƙararrawar nan tana kaɗawa a bayansa. Sai Baba ya ce, "Ba shi wayar." Na riƙe ta da hannu biyu. A gaban Iya, a gaban kowa, ya ce, "Habibu." Ranar na fara jin sunana a bakinsa. Ya ce jirgin ƙasa ne, tashar kuma tana da nisan da ƙafa ba ta zuwa. "Zan dawo in Allah ya yarda, amma ba yau ba, ba gobe ba. Kada ka sake zuwa bakin ruwa."

Ya dawo kuwa, ina gab da gama firamare. Sai dai kunya ta koma mazauninta, muka rayu da gaisuwa da aike, ba mu taɓa tayar da maganar ba har Allah ya karɓi abinsa.

Bara aiki ya kai ni Japan wani ɗan gajeren horo, na ware yini guda na nemi tashar. Babbar mahaɗa ce a wani gari na nesa da babban birni. Layi ɗaya ya nufi bakin teku, ɗaya ya shige cikin duwatsu inda gonar gwajin su Baba take, ɗaya kuma ya tafi birnin da yake zuwa duk Juma'a neman masallaci. A nan yake sauka ya jira ƙaramin jirgin ƙauyensu. Mutane ga su nan fal, amma babu mai ce wa wani sannu, jirgi kuma ba ya jiran ya cika, lokacinsa na yi zai rufe ƙofa. A wani lungu na ga koriyar wayar jama'a, irin wadda yake kiranmu da ita, ba kowa a wurin. Sai ƙararrawar ta kaɗa, ita ce dai, ba ta canza ba. A nan na gane dalilin da ya sa yake bin maƙwabta gida-gida har liman. Jan gaisuwar yake yi, don in ya ajiye wayar sai wani makon zai sake jin Hausa.

Ina zaune a benci wayata ta yi ƙara. 'Yata ce ta fari, ta karɓe wayar uwarta. "Abba, kana ina?" Bakina har ya buɗe zai ce ina tasha, na kama shi. Na kira sunanta sosai yadda za ta ji, na ce, "Ina nesa ƙwarai. Ki zauna a gida, ni zan zo in same ki."

Yanzu yaro yana ganin fuskar ubansa a tafin hannu, ba sai ya je bakin kogi ba. Ni kuwa na daɗe a bencin nan, jirage suna zuwa suna wucewa. Ashe waccan Juma'ar mu biyu ne muke jiran jirgi, kowa shi kaɗai.