Gonar Da Tumbina Ya Tsara

Ba a daɗe da ba mu jihar Zamfara ba yayana ya sauko daga motar Gusau da maganar da ta tsayar mini da loma a wuya. Gonar da mahaifinmu ya bar mana a gefen Kucheri ta gaji, irin gajiyar da in ka ba ta tiyar gero sai ta maido maka da rabi, ta haɗa da ban haƙuri. Takin zamani kuwa a shekarun nan, labarin buhunsa kawai muke ji. Yaya yana aikin gwamnati a Gusau, kuma ya samu mai son sayen wurin ya gina gidan mai.

"Damina ɗaya na ba ka," in ji shi. "In rumbun Baba ya cika, ka ci gaba da wahalarka. In bai cika ba, a sayar kowa ya huta."

"Yaya, rumbun da in mutum ya faɗa ciki sai an zura mashi guga?"

"Shi ɗin dai."

Ni mutum ne mai jiki. In na shiga motar Tsafe, direba sai ya leƙa tayar baya. Na kuma san halina, duk abin da ya yi nisa da ƙofar gida ba ya ganina sai da dalili. Don haka na zauna na raba gonar bisa yadda tumbina zai iya kai ziyara.

Abin da ke son a gan shi kullum na jawo shi bayan gida, inda ruwan wanke-wanke da na alwala ke gangarawa: alayyafo, yakuwa, kuɓewa da tattasai, zogale ya zame masu shinge. Mai ɗakina kan ɗora tukunya sannan ta fita tsinko kayan miya. Gaba kaɗan na ajiye kaji da awaki, na haƙa rami kusa da su. Toka, shara da kashin dabbobi duk can suke taruwa su ruɓe, kaji na tona su suna juya mini kyauta. Bayan nan sai babban fili na gero da dawa, da wake a tsakaninsu. Can gaba inda gawo da ɗorawa suke na bar wa kiwo da itacen girki. Bakin rafi kuwa, mai sabara da kalgo, na ce kada wanda ya taɓa. Na bar wa zomaye, dama ba mu saba gaisawa ba.

Saura babban filin, wanda shi zai cika rumbu. Ramina ko kusurwarsa ba zai ciyar ba. Sai na hau babur har wajen Bungudu neman wani dattijon Bafulatani da ke sauka gonarmu zamanin Baba. Al'adar ita ce, da rani shanu su kwana a gonarka, su ci kara da harawa, su bar maka taki, makiyayi yana matsar da makwancinsu daga wannan gefe zuwa wancan har a zagaye filin.

"Kaɗo, ina ka shige shekara da shekaru?" in ji shi. "Kun samu na buhu kun manta da mu."

"Baffa, na buhun ne ya manta da mu."

Ya yi dariya, amma ya ce ya riga ya yi wa wasu alkawari, sai ya gama da su zai zo. Bai iso ba sai da zafi ya kankama. Shanun suka fara daga gabas, suna aikinsu tsakani da Allah. Sun kai tsakiyar fili ke nan hadari ya haɗo tun kafin lokacinsa. Ruwa na sauka, makiyayi ba ya zama a gonar mutane, dole ya ja dabbobinsa daji. Ya tafi ya bar ni da gona rabi ta ƙoshi, rabi tana hamma.

Haka amfanin ya fito. Geron gabas sai da na ɗaga kai hulata ta faɗi kafin in ga zangarniyarsa. Na yamma kuwa, ɗan akuya ma sai ya durƙusa zai ci. Da kaka muka ɗaure dammuna muka zuba, rumbu ya tsaya a ƙirji, ya ƙi kai wa wuya.

Yaya ya zo ran wata Asabar da hantsi. Ya hau tsani ya leƙa rumbu, ya sauko. Ni kuwa ranar barkwancina ya ƙafe. Muka bi ta cikin lambu, muka wuce awaki, har tsakiyar fili, inda karan da ba a sare ba ke tsaye, dogo a hannun dama, gajere a hagu, kamar an ja layi da igiya. Ya daɗe a wurin. Ya tsuguna ya damƙi ƙasar gabas ya murza, ya damƙi ta yamma ita ma.

"Bai cika ba," in ji shi.

"Bai cika ba, Yaya."

"Nan shanun suka tsaya?"

"Nan ruwa ya kore su."

Ya kakkaɓe hannunsa ya miƙe. "To mi kake jira? Ka koma Bungudu tun yau, kada wani ya riga mu. Ka ce wa Bafulatanin bana daga yamma zai fara."

Ban tsaya tambayarsa labarin mai gidan mai ba. Na nufi inda babur yake da gudun da mutanen Kucheri suka rantse ba su taɓa ganin na yi ba.