Inna Laure, Mai Cewa "Buɗe Baki"

Hantsi bai taɓa riga ta isa ƙaramin asibitin nan na Badariya ba. Za ta tafasa ruwa ta bar shi ya huce, ta goge tocilarta, sannan ta ce na farko ya shigo. Shekara talatin da biyu ke nan Inna Laure tana leƙa kunnuwan mutane, tun muna ƙarƙashin Sakkwato har aka ba mu jiharmu, ga shi watan gobe za ta yi ritaya.

Me ba ta gani ba? Masuncin Argungu da ruwan gulbi ya maƙale masa a kunne, jaririn da mura ta hau masa kunne har ya fara mugunya, matar garin Augie da ƙwayar shinkafa ta faɗa mata wajen sussuka. Masu sosa da tsinken ashana kuwa, faɗa suke sha kafin magani. Amma kowa ya zo, sai ta ce ya buɗe baki. Har tsokanarta ake yi: "Inna, kunne munka kawo, ba baki ba!"

Bara aka kawo mata Malam Hammadu daga Argungu. Alaramma ne makaho, da kunne yake karɓar haddar ɗalibai. Wata biyu kunnensa na dama yana zugi, har ya daina ji da shi, ya daina fitowa zaure. Ya ce, "Laure, idanu sun tafi tun ina yaro, ban yi kuka ba. In kunnen ga ya bi su, mi ya rage mini?"

 Inna Laure ta juya ga matarsa Inno. "Mi kinka zuba mishi?"

"Ruwan albasa da man shanu ɗai, sai auduga."

"Ɗai? Haba Inno, miya kike haɗawa cikin kan Malam?"

A hankali ta zaro audugar da ta dunƙule can ciki, ta haska, ta ga kunne lafiya lau. Sai ta ce, "Malam, buɗe baki." Ga shi nan kuwa, haƙorin tauna na can ƙurya ya ruɓe, shi ke aika wa kunne da zugi. Da ƙafarta ta raka shi wurin likitan haƙori aka cire.

Bayan mako guda suka dawo. Don ta gwada shi, ta toshe masa na hagu, ta tsaya ta dama, ta karanta Fatiha can ƙasa-ƙasa. Ta kai ƙarshe ke nan Malam ya ɗaga yatsa. "Ba ki ja maddar ga ba, Laure. Sake." Inno ta rangaɗa guɗa, ita kuwa Inna Laure ta zauna a kan benci tana hawaye tana dariya.

Ke ce mai haƙuri da jin zafin wani, Inna. Ke ce kike neman inda ciwo ya taso, ba inda ya yi ƙara ba. Mun gode, Allah Ya saka miki da Aljanna. Ku kuma 'yan baya da za ku gaji kujerarta, ku koyi dubawa da kyau kafin ku miƙa ƙwaya.

Yau ɗalibai sun fi arba'in suna biya karatu a zauren Malam Hammadu, yana jin kowane harafi. Ko ɗaya cikinsu bai san sunanki ba. Mu mun sani, shi ya sa muka faɗa.