Makon Bokitin Memuna

Masana sun daɗe suna gardama a kan abin da ke rusa dauloli. Wasu sun ce yaƙi, wasu fari, wasu zalunci. Ni da na shekara talatin da ɗaya ina koyar da tarihi a ƙaramar sakandare, na kuma ɗora da zama sakataren ƙungiyar 'yan rawa bayan na yi ritaya, ina da tawa amsar, kuma na gan ta da idona: bokiti ne. Ba na jin zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da bokitin roba shuɗi, mai karyayyen hannu, ya hau kan mutum goma sha ɗaya ya yi zamansa.

Ku da kuka shigo daga baya kuna yawan tambayata me ya sa sashe na bakwai na tsarin mulkinmu yake da jan layi a ƙarƙashinsa. To ku gyara zama.

Sai kun san inda aka fito tukuna. Waɗanda suka kafa ƙungiyar nan duk daga hannun oga ɗaya suka gudo. Ba zan faɗi sunansa ba. Mutum ne da in aka gayyaci ƙungiyarsa wasa a Accra, shi zai zaɓi mai tafiya, kuma kullum zaɓin a kan mutum uku yake faɗawa: shi, da ƙanensa, da wanda ya fi wanke masa babur. 'Yan rawar ne ke ƙirƙirar taku, shi ke amsa tafi. Da suka gaji suka ɓalle, suka yi rantsuwa ba za su sake zama ƙarƙashin kowa ba. Suka zo gidana a unguwar Sakasaka suka ce, "Ticha, kai ka san Turanci, ka rubuta mana doka." Na rubuta. Ina jin tun da na bar aji ban ji daɗin aiki irin na wannan makon ba. Sashe goma sha huɗu, kowanne da 'ya'yansa.

Ga waɗanda suka shafi labarinmu. Shugabanci yana zagayawa mako-mako, ana miƙa shi ranar Asabar bayan sallar la'asar. A taro ba mai magana sai wanda ke riƙe da gula, wato sandar kiɗan nan mai lanƙwasa. Tana tashi daga hannun shugaba, ta bi dama har ta zagayo. Sashe na huɗu ya ce ba a jingina rawa ga mutum ɗaya: in baƙo ya tambayi wa ya ƙirƙira, amsa ita ce "mu ne". Sai sashe na bakwai. Filinmu na Zogbeli jar ƙasa ce ƙarƙashin bishiyar darbejiya, kuma mutum goma in suka buga ƙafa a kai, tari ne ke biyo baya. Don haka na rubuta: "Duk ranar da ƙura ke tashi, mai bokiti zai riƙa yayyafa ruwa daga farkon rawa zuwa ƙarshenta, kuma ba zai yi rawa ba." Bokiti ma mako-mako yake zagayawa, amma shi ran Lahadi ake miƙa shi. An hana musanya, don kada masu baki su riƙa ɗora wa masu kunya. Jingine kowane sashe sai da yardar kowa da kowa. Wanda kuwa ya yi magana ba gula, hukuncinsa mako guda na bokiti.

Ni kaɗai ne muƙamina ba ya zagayawa, saboda gwiwata ba ta rawa, kuma ni ke da biro.

Shekara uku ke nan, cikin watan Agusta, wata cibiyar rawa a Accra ta aiko mana da takarda. Za su ɗauki mutum ɗaya daga arewa ya je ya yi wata shida yana koyo da aiki tare da su. Sharaɗi biyu: kada ya kai shekara talatin, kuma sai wakiliyarsu ta gan shi yana rawa da idonta. Ko wanda bai san komai a harkar ba ya san wa ya kamata. Memuna ce. Tela ce a Dabokpa da safe, da yamma kuwa ita ce abin da mutane ke tsayar da babur su kalla. Ita ta ɗauki takun rawar takai ta maza, ta gauraya shi da na rawar tora ta mata, ta fitar da wasan da muke taƙama da shi, wanda a hukumance "mu ne" muka ƙirƙira. Shekararta tara tana rawa, kuma watan Oktoba za ta cika talatin. Ba ta da wata shekarar.

Wakiliyar ta ce za ta zo ran Asabar. Sai da safiyar ranar na buɗe littafi na duba jadawali. Makon bokiti: Memuna.

Madam ɗin ta iso ƙarfe biyu da rabi a yalo-yalo, keken hayar nan mai ƙafa uku, mace mai fara'a da ƙaton gilashi. Takalminta ya kwaso jar laka tun daga bakin titi, tana ta goge shi da ganye. Ta ce jirginta na yamma ne, biyar saura kwata za ta tashi daga wurinmu. Muka ba ta kujera da sobolo, wato zoɓo, mai sanyi. Ta tambaya da Turanci wane ne shugaba.

Na nuna mata Adisa, mai sayar da wache, shinkafa da wake, a bakin tasha, wadda makon nata ne. Na ƙara da cewa, "Zuwa la'asar."

"In an yi la'asar fa?"

"Sai Abdul-Razak." Na nuna Zak, dogon saurayi mai gyaran waya, wanda ya haddace tsarin mulkin fiye da ni da na rubuta shi.

Ta dube ni, ta dubi Adisa, ta dubi Zak, ta rubuta wani abu a littafinta. Na roƙe ta minti goma kacal, mu yi ɗan taro.

Aka yi da'ira. Gular da muke taro da ita ta Mba Yakubu ce, makaɗinmu, dattijo Badagombe da kalmominsa na yini ba su cika cikin cokali ba. Adisa ta karɓe ta daga hannunsa, shi kuma ya zauna nan gefenta na hagu. Wato shi ne na ƙarshe a layi. Tun kafin a fara ya ɗaga hannu. Adisa ta ce, "Mba, ka yi haƙuri, zai zo wurinka." Ya amsa da yarensu, "Naa," wato to, ya sauke hannu.

Adisa ta kawo shawara a jingine sashe na bakwai na yini ɗaya. Mutum uku suka amince. Gula ta iso hannun Zak.

"Chale, ni ba ni da matsala da Memuna, Allah shaida. Amma da haka oga ya fara. Yau yini ɗaya, gobe yini ɗaya, jibi mutum yana wanke babur. In za mu karya doka don wanda ya fi iyawa, me ya sa muka gudo?"

Gaskiya ya faɗa, sai dai gaskiyar ta zo a ranar da ba a neme ta ba.

Na gaba ya ce to Ticha ya ɗauki bokitin mana, tun da ba ya rawa. Na yi murna, har na fara naɗe hannun riga. Zak ya miƙa hannu aka mayar masa da gula, ya tuna mana cewa sashe na biyu ya cire sakatare daga jadawali, kuma ɗauka ma musanya ce. Sai wata ta ce kowa ya riƙe bokitin minti biyu-biyu. Aka lissafa, aka ga in haka ne kowa ya zama mai bokiti, kuma mai bokiti ba ya rawa, saboda haka ba mai rawa ke nan. Wani ya yi magana ba gula da gangan, don a hukunta shi da bokiti ya karɓe wa Memuna. Dabara ce mai kyau, na yaba masa a zuciya. Aka duba, aka ga hukunci daga Lahadi yake fara aiki.

Mba Yakubu ya sake ɗaga hannu. Ni da kaina na ce masa, "Mba, saura mutum huɗu." Na kuma rubuta wa kaina mako guda na bokiti, wanda sashe na biyu ya hana ni yi.

Da gula ta iso hannun Memuna, sai ta juya ta, ta dube ta, ta ce, "Ni ban roƙi kowa ba. Shekara tara ina nan. In sai na roƙa, ku bar shi." Ta miƙa wa na gaba. Daga nan aka shiga sabuwar gardama a kan ko maganarta amincewa ce ko ƙi. Ni a littafi na rubuta "ba a gane ba".

Saura mutum biyu gula ta kai ga Mba Yakubu aka kira la'asar. Muka tafi masallacin unguwa, muka bar Madam da sobolo na biyu. Da muka dawo, shugabanci ya koma hannun Zak, kuma gula daga hannun shugaba take tashi. Aka faro daga farko. Zak kuwa, don a ga adalcinsa, ya ce a matsayinsa na shugaba ba zai faɗi ra'ayi ba, amma ƙin da ya yi a matsayin ɗan ƙungiya yana nan daram. Adisa ta ce, "Kai Zak, uwarka ta haifi lauya ta kai shi gyaran waya." Aka rubuta mata mako guda.

Madam ta taso ta matso kusa da ni, ta yi ƙasa da murya. "Ticha, wannan da nake kallo, shi ne wasan?"

Na ce a'a, wasan yana tafe.

"To ƙarfe huɗu da ashirin."

Memuna ce ta kashe taron. Ta tashi ta ɗauki bokitin, ta je famfon makwabta ta ciko shi, ta dawo ta fara yayyafawa. Zak ya mayar wa Mba Yakubu da gularsa. Dattijon ya buɗe baki, ya dubi Madam tana duba agogo, ya rufe bakinsa ya ɗauki ganga.

An yi wasan. Minti goma sha takwas. Sai dai wasan an gina shi ne a kan mutum ɗaya a tsakiya, sauran suna zagaye shi, suna matsowa suna ja da baya. Ba wanda ya iya ɓangaren tsakiyar sai mai bokiti. Don haka mutum tara suka yi ta zagaye fili wayam, suna durƙusa wa iska, suna miƙa mata hannu. Memuna tana bayansu tana watsa ruwa da tafin hannu, fuskarta kamar an rufe shago. Ana dab da gamawa santsi ya kwashe Zak ya zauna daɓas, rigarsa batakari ta yi ja har wuya.

Madam ta yi tafi. Ta nuna tsakiyar filin ta ce, "Wannan gurbin, da gangan ne? Wa ke tsayawa a nan?"

Mutum tara suka haɗa baki: "Mu ne."

Na bi ta har bakin yalo-yalo, gwiwa na ciwo, na karya sashe na huɗu da bakina. Na ce mata waccan mai bokitin ita ta ƙirƙiri wasan, ita ce ta tsakiya, kuma ba kamarta daga nan har Bolga. Ta waiga ta dubi Memuna tana juye sauran ruwan a gindin darbejiya.

"Na yarda da kai, Ticha. Amma abin da na gani zan rubuta. Na ga mace tana ban ruwa."

Bayan mako uku takarda ta zo. Sun gode, sun ce tsarinmu abin nazari ne, sun ɗauki wani daga wani gari. Memuna ta cika talatin a Oktoba. Ranar ta zo fili da bokitin a wanke tas, ta kife shi a kan kujerata, ta gaishe da kowa da sunansa, ta tafi.

Yanzu ita kaɗai take aikinta. Tana da lasifika mai caji da take ɗaurawa a bayan babur. Tana koyar da 'yan mata a makarantu biyu, tana rawa a bukukuwa, wani lokaci mawaƙa su kira ta bidiyo, wani watan kuma ba kowa sai keken ɗinki. Accra ba ta je ba. Na haɗu da ita a kasuwa kwanakin baya, na tambaye ta yaya zaman kai da kai. Ta ce, "Ticha, ni ce shugaba, ni ce sakatare, ni ce mai bokiti. Amma ina rawa."

Abin da na koya game da sana'ar nan shi ne, ɗan rawa mai zaman kansa ba yunwa ya fi tsoro ba, ya saba da ita. Oga yake tsoro. Tsoron nan ne ya sa mutanenmu suka ƙera oga na takarda, wanda ba ya cin tafiyar kowa, ba ya son a wanke masa babur, amma kuma ba a iya kama hannunsa a ce, don Allah yau dai. Har gobe ban san wa ya yi laifi ba. Zak bai yi ƙarya ba, Memuna ba ta yi kuskure da ta ƙi roƙo ba, ni kuma hannuna ne a kan takardar. Na sha zama in warware, kullum inda na fara nake komawa.

Jan layin kuwa, ga asalinsa. Watanni bayan haka ina gyara littafin taro, na ga na rubuta sau biyu: "Mba Yakubu ya ɗaga hannu." Na same shi yana ɗaure fatar ganga, na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Mba, ranar da Madam ta zo, me ka so ka faɗa?"

Bai ɗago ba. Ya ja igiya da haƙori, ya tofar, ya ce in karanta masa farkon sashe na bakwai. Na karanta: "Duk ranar da ƙura ke tashi."

Ya ce, "An yi ruwa da asuba."